Allura da Bindigar Gado

Warin bindigar nan na fara sani kafin in ga kamanninta. An kawo ni gidan mijina a Soron Ɗinki ina amarya, cikin shekarun nan na hamsin da ake ta raɗe-raɗin Turawa za su tafi, aka ba ni ɗakin da ya haɗa bango da zaure. Tun ranar farko nake jin wani ɗoyi yana tasowa ta bayan gado, sai ka ce ɓera ya mutu a ƙwaryar man shanu. Na share, na yi turaren wuta, na shanya shimfiɗa a rana, duk a banza. Da na gaji na ja gadon gefe, sai ga wani dogon abu naɗe cikin buzu, an jingine shi a kusurwa.

Da Malam ya shigo, mijina ke nan, na nuna masa. Ya yi murmushi ya ce bindigar mahaifinsu marigayi ce. Asalinsu Fulanin daji ne, zama ya kawo su birni, amma har lokacin suna da shanu a wata ruga can bayan ganuwa. Marigayin ya taɓa yi wa wani Bature ja-gora a farauta, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita da takardar izini. Ta sha bamban da bindigar maharba da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita wani ƙarfe gare ta a gefe kamar sakatar ƙofa, a ja shi baya, a saka harsashi, a tura shi gaba a rufe. Mu dai sakata muke ce masa.

Malam ya warware buzun don in gani, na yi da-na-sanin tambaya. Ashe al'adar marigayin ce duk dabbar da ya kashe sai ya shafa jininta a ƙotar bindigar, ya manna ɗan gashinta a kai. Jini kan jini, shekara da shekaru, har ƙotar ta yi baƙi ta yi kauri, ga layu rataye, ga tsohon man shanu da ake shafe ƙarfen da shi ya daskare ya yi kore. Na tambaya me ya sa ba ta gidan Yaya, wan Malam, tunda shi ne babba. Ya ce matar Yaya ta rantse ba za ta kwana ɗaki ɗaya da ita ba, Inna kuma, uwarsu, ta ce bindiga ba ta barin gidan mai ita. Ni da na zo daga baya ban san ana rantsewa ba, sai ta zama abokiyar kwanana.

Sana'ar Malam ɗinkin babbar riga ce, aikin hannu na zaren tsamiya. In ya zauna a zaure ya shimfiɗa riga a cinya, babban yatsansa da manuni na dama suna tafiya kamar ba shi ke sarrafa su ba. Attajirai daga Mandawari da Shahuci sukan jira shi wata da watanni, ba su kai wa wani. Kafin ya taɓa yadi sai ya wanke hannu da sabulun salo ya goge. Ko itace ba ya faskarawa, ni nake yi, ina tsokanarsa cewa na auri mai hannun jarirai. Shi kuwa sai ya ɗaga yatsun nan biyu ya ce, “Ke dai ki yi musu addu'a, da su kike cin tuwo.” Gaskiya ya faɗa. Da su nake ci, da su Inna take ci.

Yaya kuma fataucin shanu yake yi, yana loda su a jirgi zuwa Ikko. Mutum ne mai jiki da murya, in ya yi sallama a zaurenmu har kajina sai sun watse. Tun rasuwar mahaifinsu ya zama uba, abin da ya faɗa ya zauna. Malam ba ya haɗa ido da shi, a tsugune yake gaishe shi, ban taɓa jin ya ce masa a'a ba ko a kan gishirin miya. Ni kuwa ba a ma magana. Wan miji suruki ne, ta bayan asabari nake gaishe shi, ya amsa ko kada ya amsa. Na shekara biyu a gidan ban san yadda fuskarsa take ba, ƙafafunsa kawai na sani da muryarsa.

Bindigar ta daɗe ba ta yi kuka ba. Harsashinta ya ƙare tun marigayin yana raye, kantunan waje kuma sun daina kawo irinsa. Ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan. Da za ta yi ta ɗoyinta a bayan gadona har tashin duniya, da na gode Allah.

Sai kura ta shiga rugarsu ta ɗauki ɗan maraƙi, aka kwana biyu ta sake ɗaukar wani. Yaya ya zo ya cika zaure da rantsuwa, wai yana raye ga bindigar ubansa a jingine kura ta mayar da garkensu mahauta. Ana cikin haka ya gamu da wani mai gyaran keke da ake kira Saje, wanda ya ce a yaƙin Bama shi ke gyara wa sojoji bindigogi, kuma yana da gwangwani cike da harsashi da ya dawo da shi. Aka kawo harsashin aka gwada, ya ƙi shiga, ya fi cikin bindigar kauri. Mai hankali sai ya ce to, ba nata ba ne, a haƙura. Saje ya ce ai abu mai sauƙi ne, zai ƙwaƙule cikinta ya faɗaɗa ta har ta karɓi nasa. Yaya ya ce madalla.

Da Malam ya ba ni labari na ce, “Malam, in hula ta matse mutum, kansa ake sassaƙewa?”

Ya yi dariya ya ce, “Ke ba ki raina abin magana. Yaya ya riga ya yanke.”

Maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya je yaƙin da gaske ya dawo da ɗingishi, ta leƙo ta katanga ta ce mini ita ta san Sajen nan sarai. Ko igiya ɗaya ta muƙamin soja ba a taɓa ɗaura masa ba, albasa yake yankawa a ɗakin girkin sojoji. Sunan ma shi ya raɗa wa kansa a jirgin dawowa.

Saboda Inna ta ce bindiga ba ta kwana a wani gida, a zaurenmu Saje ya baje kayansa. Zauren da Malam yake sharewa da kansa, wanda ko takalmi ba a shiga da shi saboda fararen riguna, shi ya koma juji. Mutumin nan goro da taba gari ba sa barin bakinsa, kuma duk inda ya juya nan yake tofarwa, har bango ya yi ja. Ni ke dafa masa abinci, akushi ya dawo da shatin baƙaƙen yatsu da garin ƙarfe a gefen miya. Ya aiko a ba shi man gyaɗa, na bayar. Ya aiko a ba shi tsumma, na bayar. Rannan sai ya aiko wai a ba shi turmina, zai cusa gindin bindigar a ciki ya danne da ƙafa don kada ta motsa. Turmin da nake daka furar Malam a ciki! Na ce ba zan bayar ba, Inna ta ce umarnin Yaya ne. Da aka dawo mini da shi cikinsa ya yi baƙi da tsohon jini da mai, na mirgina shi bayan ɗaki, ban sake kallonsa ba.

Abu ɗaya ne ya yi mini daɗi a kwanakin nan. Malam ya rasa wurin zama, sai ya dawo da tabarmarsa ƙofar ɗakina, na samu ina kallon aikinsa ina tankaɗe. Rigar Yaya ce ma a hannunsa, ta Babbar Sallah, mai adon aska takwas a kan farin yadi. Ya gama askake, ya kama tambarin ƙirji, zagayayyen adon nan da ake ɗinkewa sannu a hankali. Ta bango kuwa ƙarar zarto ce kawai, ƙiii, ƙiii, tun hantsi har la'asar, har haƙorana suka riƙa yin tsami.

Ranar da Saje ya ce ya gama, ina ɗaki ina jin komai ta bango. An saka harsashi, sakata ta ƙi rufewa. Na ji ya buga da tafin hannu, ya sake bugawa, sannan na ji ƙarar itace a kan ƙarfe, ƙwas.

“Ka ji ta kama,” in ji Saje. “Haka ake so, Maigida. Matsewar nan ita ce ƙarfin.”

Yaya ya yi ta sa masa albarka. Can sai na ji muryar Malam, ƙasa-ƙasa kamar mai roƙon gafara.

“Yaya, na ji an ce maƙera in sun ƙera sabuwar bindiga, a jikin itace suke ɗaure ta, su ja kunamar da igiya daga nesa. In ta yi lafiya sannan mutum ya riƙe.”

“A ɗaure me?” Yaya ya daka tsawa. “Bindigar Baba ce za a ɗaure a itace kamar akuya? A gaban mutane? A ce 'ya'yan da ya haifa tsoronta suke ji? Wannan ai aikin masu bindigar toka ne. Mu ƙarfe bai taɓa cin jinin gidanmu ba, Baba ya ba mu maganinsa mun sha tun muna yara.”

“Ranka ya daɗe, ka faɗi gaskiya,” in ji Saje. “Wallahi da ni zan fara harba ta da kaina, sai dai kafaɗar nan tawa, tun sanyin Bama ba ta ɗaukar bugu.”

Mai gyaran da ya yini yana ɗaga turmi da hannu ɗaya, yau kafaɗarsa ta tuna da Bama. Ko mai dafa abinci in ta ƙi ɗanɗana miyarta, ai ka san da magana.

Da safe na sami Inna tana kaɗi na tsuguna na faɗa mata abin da na ji, na roƙe ta ta sa baki, tunda ita kaɗai Yaya ke saurara wa. Ta dube ni ta ce mace ba ta shiga zancen bindiga, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma ta ce in kwantar da hankalina, ta san abin da za ta yi. Abin da ta yi shi ne ta aika aka rubuto sabuwar laya, ta ba Malam ya ɗinke mata kube, aka ƙara a kan layun ƙotar. Ina kallo ya soke allurarsa a bakin tambarin rigar Yaya, ya ninke rigar, ya ɗauki wata allura ya ɗinke layar tsaf, da kyau, kamar yadda yake yin komai.

Ranar da za a gwada bindigar, da zai fita na tare shi a bakin ƙofa na ce, “Malam, don girman Allah kada ka taɓa ta.”

Ya ce, “Ni me ya haɗa ni da harbi? Yaya ne zai harba. Rakiya kawai zan yi, in riƙe masa takalmi.”

Abin da ya faru a can daga bakinsa na ji, bayan an daɗe. Sun fita bayan ganuwa da la'asar, Yaya ya gayyato abokansa 'yan shanu su zo su ga aiki. Aka kafa fasasshiyar ƙwarya a kan suri. Yaya ya naɗe hannun riga, ya ɗaga bindiga, ya auna, ya sauke. Ya ce rana tana dukan idonsa. Aka canja wuri, ya sake ɗagawa, ya daɗe, ya sake saukewa. Sai ya juya yana dariya ya ce wa abokansa, ai ga mai ido nan a tsaye, wanda ke zura zare a allura ko da magariba, bari ƙanena ya buɗe mana ita, albarkacin Baba. Abokai suka ɗauka, wannan ya ce haka ne, wancan ya ce ai girmamawa ce. Yaya ya miƙa masa da hannu biyu. Saje kuwa tuni ya ja baya ya laɓe a gindin kuka, wai fitsari ya matse shi.

Na tambayi Malam, “Ka san za ta fashe?”

Ya ce, “Na yi zato.”

“To me ya hana ka cewa a'a?”

Ya dube ni da mamaki na gaske, ya ce, “A gaban abokansa?”

Ta fashe daidai wurin sakatar, inda hannunsa na dama yake. Allah ya tsare idanunsa, ƙarfe ya tsaga masa kunci kawai. Amma babban yatsa da manuni, a asibiti aka ƙarasa cire abin da ya rage. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ba haka aka yi ba. Yaya ko ƙwarzane bai samu ba, Saje kuwa kafin gari ya waye ya haye jirgin Nguru da gwangwaninsa, ya bar mana jan yawunsa a bango.

Mata suka yi ta zuwa jaje, kowace ta zauna ta ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda da ƙaddara, amma ban ga inda aka rubuta cewa igiya haramun ce ba. Inna kuwa kowa ya shigo sai ta gaya masa layar nan ce ta tsare masa ido, ba don ita ba da yanzu wani zancen ake. Labari ya riƙa dawo mini cewa Yaya yana ba da tarihin abin a majalisa, wai ƙarar har Dala an ji, wai bindigar Baba ta fi ƙarfin harsashin Turawa. Kurar da aka yi duk wannan dominta, masu kiwon suka ƙara ƙaya a shingen maruƙa, ta daina zuwa.

Wani abokin Yaya ya tsinto ragowar bindigar ya naɗe a buzunta ya kawo gida, Inna ta ce a mayar da ita mazauninta, wato bayan gadona. Na karɓa da ladabi. Da ta shiga alwala na ɗauka na kai bayan gida, na zura ta a masai, ƙota da layu da buzu duka. Nan ne kaɗai warinta ya sami 'yan'uwa. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, ni kuma na yi barci mai daɗi.

Sallah ta matso, Malam ya dawo gida da hannu naɗe, ya rame, ba ya son magana. Yakan zauna a zauren da na wanke na shafe da farar ƙasa, ya ɗora hannun a cinya yana kallon hanya. Wata rana da hantsi na ji sallamar Yaya. Ya zauna, ya yi masa sannu, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Sai ya ƙara da cewa da ya manna bindigar a kafaɗa yadda ya nuna masa, da wataƙila abin bai kai haka ba. Malam ya ce haka ne. Ina jin ƙarar goro a bakin Yaya. Can ya gyara murya.

“Af, rigar nan tawa fa? Ga Sallah ta zo. Ko a ba ni in kai wa wani ya ƙarasa?”

Na dafa bango ina jiran abin da Malam zai ce. Na ɗauka yau dai, ko sau ɗaya.

“Ka yi haƙuri, Yaya,” in ji shi. “Na ɓata maka lokaci.”

Wallahi ranar da aka shigo da shi jina-jina ban ji abin da na ji a wannan lokacin ba. Malam ya kira ni in kawo rigar, na ɗauko na tura ta ƙarƙashin asabari kamar yadda aka saba, na tsaya ina leƙe. Ya warware ta a cinya, sai ga allurarsa a soke a bakin tambarin, da zarenta, inda ya bar ta ranar da ya ɗinka laya. Maɗinki ba ya ba da riga da allura a jiki, kada ta soki mai ita. Ya kai hannun dama, yatsu ukun da suka rage suka kasa kama ta. Ya sake gwadawa, ta zame. Ya kai na hagu, ya ture ta ta ƙara nutsewa cikin yadi. Yaya kuwa ya ɗaga kai yana nazarin azarar rufi, yana taunar goronsa.

Ban san lokacin da na ɗaga asabarin ba. Na shiga zauren a tsaye, ban tsuguna ba, ban yi gaisuwa ba. Na zare allurar, na datse zaren da haƙori, na ninke rigar na ajiye a gaban Yaya. Sannan na dubi fuskarsa, karo na farko tun zuwana gidan. Na zaci zan ga wani abin tsoro. Fuska ce kamar ta kowa, mai kumatu, da ɓarɓashin goro a gemu. Shi ne ya fara kawar da ido. Ya ɗauki rigarsa ya ce, “To, madalla,” ya fita.

Ya sa ta ranar Sallah, an ce ta yi masa kyau ƙwarai, sai dai masu ido sun lura rabin tambarin ya fi rabi kyau. Malam bai sake ɗinki ba, ya koma sayar da zare a bakin kasuwa, yana auna wa waɗanda a da suke zuwa koyo wurinsa. Bai taɓa faɗin mugun abu game da wansa ba har ya koma ga Allah, kuma duk Juma'a sai ya je ya tsuguna ya gaishe shi.

Abin da ya ce mini kawai a ranar, bayan Yaya ya fita, ina tsaye da allura a hannu ina huci, shi ne, “Ba ki gaishe da Yaya ba.”

Na ce, “Ban gaishe shi ba.”

Ya miƙo tafin hannun nan mai yatsu uku. Na ɗora masa allurar a kai. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce in adana masa, shi ba shi da inda zai riƙe ta.